Kun Ɗebi Ɗaya Cikin Goma, Ku Zo Ku Kwashe Taran

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke yankar haraji daga ajiyar banki a gida Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Daga Makka nake rubuto maka, daga wani ɗaki a hawa na uku a unguwar Ka'akiyya. Ban sa sunana ba, in ka karanta zuwa ƙasa za ka gane dalili. Sunan bankin ma na bar shi, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Na san irin koken da kuka saba ji: an yankar mana da yawa, a rage. Nawa ba irinsa ba ne. Ni kukana shi ne kun yanka kaɗan.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ni ba mai ilimin kuɗi ba ce. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya. Tun ina sakandare nake hayarsu a kasuwa, yanzu kuma a waya nake bin su. Maigidana har tsokanata yake, wai duk ranar da tukunya ta kama a gidanmu, to wata yarinya ce ta haɗu da masoyinta a cikin wayata. A littattafan nan na saba, komai tsananin da aka shiga, kafin shafin ƙarshe wani mai iko zai ji labari ya ce a gyara. Wataƙila shi ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka.

Na ɗaya: asalin kuɗin.

Kuɗin ba nawa ba ne, sunana kawai suke ɗauke da shi. Na mahaifiyata ne, Inna, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Gonar da ta gada daga mahaifinta ta sayar, naira miliyan uku cif, da niyyar Hajji. Gonar nan da hannunta ta noma ta tun rasuwar babanmu. Da kuɗin suka zo, an riga an rufe karɓar kuɗin kujera na wannan shekarar. Inna ta san halin dangi: in aka ji ƙamshin kuɗi a ɗaki, kowa sai ya tuna yana da biki ko mara lafiya. Ta miƙo min su a ƙunshe cikin ɗankwali, ta ce in kai banki in sa sunana, tunda ni ce na yi boko.

Na biyu: kullen.

A banki na gaya wa ma'aikaciyar da na samu cewa ina son wurin da ba wanda zai taɓa kuɗin, har ni kaina. Ta ce akwai ajiya mai wa'adi, ana kulle ta wata shida, a ba ni takardar shaida. Kalmar kulle ita ta shiga kunnena. Lokacin saura kaɗan bikina, hankalina yana kan lefe da jirgin da zan hau. Na sa hannu inda ta nuna. A cikin takardar ashe akwai layin da ya ce in wa'adi ya cika ban zo na ce a buɗe ba, ajiyar za ta sabunta kanta, a zuba ruwan da ta haifa a kan uwar kuɗin, a sake kullewa. Haka ta yi sau biyar, wata shida-shida. Ta shida na nan tafe a watan Rajab.

Na uku: inda kuka shigo.

Layin wayata na gida na bar shi a hannun wana, Yaya Sani, don haka shi yake ganin saƙonnin banki. Shi ya fara kirana ya karanta min. A karon farko ruwan ya kama naira dubu ɗari da hamsin. Kuka ɗebi dubu goma sha biyar, ɗaya cikin goma. Sauran dubu ɗari da talatin da biyar aka zuba a kan kuɗin Inna. A karo na biyu, ruwan nan shi ma ya haifi nasa ruwan, kuka sake ɗiban kasonku. Zuwa yau abin da ya shiga hannunku ya ɗan haura dubu tamanin da biyu. Abin da kuka bari a kan kuɗin gonar ya kai dubu ɗari bakwai da talatin da takwas.

Yaya Sani ya tambaya a banki, aka ce masa doka ce: ruwan ajiya kuɗin shiga ne, ana yankar harajinsa tun a banki a duk lokacin da wa'adi ya cika, ko mai ajiya ya karɓa ko bai karɓa ba. Ban ce kun karya doka ba, ranka ya daɗe. Amma kalmar nan ta hana ni sukuni. Kuɗin shiga. Shiga ina? Bai shiga hannuna ba, bai shiga tukunyata ba. Ko ruwan leda ban taɓa saya da shi ba. Wuri ɗaya ya shiga: cikin guzurin tsohuwar da ke son zuwa ɗakin Allah.

Na huɗu: ushira.

Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Yaya Sani ya rasa yadda zai yi wa Inna bayani, sai ya ce mata kuɗinta suna ƙaruwa da ruwa, gwamnati kuma tana fitar da ɗaya cikin goma. Inna manomiya ce. Abin da ta sani tun tana yarinya shi ne, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, dami ɗaya ake fitarwa cikin goma, a ba mabuƙata, sauran ya tsarkaka. Da ta ji ruwa, ta ji ɗaya cikin goma, sai ta ɗauka ushira kuke fitar mata. Ta yi murna, ranka ya daɗe. Ta kira ni tana dariya, tana cewa, "Ke 'yar nan, ashe gonar ko an sayar da ita ba ta daina yabanya ba!" Ta yi wata da watanni tana sa muku albarka bayan kowace salla, wai Allah Ya saka wa masu fitar mata da zakka ba tare da ta roƙa ba.

Ni kuwa na bar ta a kan haka. Ina zaune a garin da muryar ladanin Harami ke shigo min ta taga, na san wane ruwa ne, amma dariyar nan ban iya katse ta ba.

Bakin Inna ne ya kai maganar gaban limamin ƙauye, tana ba matarsa labari don a taya ta murna. Liman ya aiko aka kira ta, ya gaya mata a hankali cewa wannan ruwan ba na sama ba ne, riba ce, kuma haraji ba zakka ba ne, ba ya wanke komai. Yaya Sani ya ce ta dawo gida, ta shiga ɗaki ta ja labule. Da na same ta a waya bayan kwanaki, ba ta yi min faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Na ba ki gona, kin mayar min da ita kududdufi. Da wannan zan je in tsaya a gaban Ka'aba?"

Na biyar: me ya sa ban zo na buɗe ba.

Banki sun ce sai mai suna ta zo da ƙafarta ta dangwala yatsa, ko ta aiko da takardar wakilci mai hatimin ofishin jakadancinmu. Ga amsata a fili. Da bizar Umra na shigo na tare a gidan mijina, biza ta ƙare, ban fita ba. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, shi ma ba shi da ita. In na fita ƙasar nan, ƙofa ta rufe a bayana, aurena yana ciki ni ina waje. Ofishin jakadancin kuwa yana Jidda, tsakanina da shi akwai shingayen bincike, kuma na ga matan da aka sauke daga mota a hanyar nan ba su dawo sun kwashe ko tufafinsu ba. Da aka rushe gidan da muke haya a unguwar Nakkasa, takardar shaidar ajiyar nan na fara ɗauka, na cusa ta a ƙirjina kafin in ɗauki tukunya. Tana nan a wurina, fes, ba ta da amfanin komai.

Na shida: yadda muke yanzu.

Maigidana turin keken tsofaffi yake yi a Harami, tsakanin Safa da Marwa. Tun kafin a ɗaura mana aure ya yi wa Inna alkawari, ya ce ranar da ta zo ba wanda zai tura ta sai shi, kuma ba zai karɓi ko riyal ɗaya ba. Ta ce masa, "Kai dai ka iya baki, ka tabbata ba ka kifar da surukarka ba." Yanzu in ya dawo da yamma yana ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Katsina ko Maraɗi da ya tura, wadda ta yi ta kuka tana shafa masa kai, sai ya ga fuskata, ya ce in kawo abinci.

Ni na riga na rubuta zuwan Inna a kaina, babi-babi, kamar yadda ake yi a littafi. Na ga saukarta daga mota tana gyara mayafi. Na ga na durƙusa ta ɗago ni tana cewa na rame. Na ga na dafa mata tuwon dawa da miyar kuka a garin da kowa shinkafa yake ci. Na gan ta tana tsintar tsakuwa a Muzdalifa tana ƙorafin cewa ta ƙauyenmu ta fi kyau. Hajji uku ke nan ina leƙen motocin alhazai daga saman bene, ina zaɓar tagar da za ta zauna. Tun ranar maganar kududdufi ban ƙarasa littafi ko ɗaya ba. In na kusa ƙarshe, na ga an fara shirya kowa da kowa, sai in kashe wayar.

Kujerar Hajji ta riga ta tsere wa miliyan uku, wannan kowa ya sani. Mun haƙura da ita. Maigidana ya ce zai cika abin da ya samu a kawo ta Umra, ta ga Ka'aba da idonta. Idon nan kuwa shi ne abin tsoro. Yanar ido ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama ma Yaya Sani ya ce sai ya yi magana take gane shi ne ya shigo. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma na san Inna ba ta sauya magana: sai uwar kuɗinta ta fito ita kaɗai, kuma sai an karanta mata takardar hukuma, a gaban liman, cewa ko kwabo na ruwa bai biyo ta ba. Maganata ba ta isa ba yanzu. Ni na jawo.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Na farko, tunda dokarku ta ce ruwan nan abin da na samu ne, to na yafe shi. Kun nuna kuna da hannun da ke shiga asusun nan alhali yana kulle, hannun da ni mai suna ba ni da shi. Sau biyar kuna shiga kuna ɗiban ɗaya. Ku shiga sau ɗaya ku kwashe taran. Ku gina rijiya, ku sayi magani a asibiti, ku yi abin da malamai suka ce ana yi da irin wannan kuɗi. Ba ma neman lada, ba ma neman godiya.

Na biyu, ku ba mu takarda mai hatiminku, da Hausa, wadda ta ce ga uwa, ga ruwa, ga abin da aka yanka, ga abin da aka kwashe. A miƙa ta ga wana. Layi huɗu sun isa.

Na uku, ku yi magana da bankuna. Duk wanda za a kulle wa kuɗi, a gaya masa da bakin da yake ji cewa akwai ruwa, akwai haraji, kuma kullen yana maimaita kansa. A kuma buɗe wata hanya da wanda ke nesa zai ce a tsaya. Wayar da ke iya sanar da ni an yanka, me ya hana ta ji na ce ya isa?

Na huɗu, in duk wannan ya fi ƙarfin ofishinka, ka faɗa min ƙofar da zan buga. Ka amsa a inda ka ga wannan wasiƙa, Yaya Sani yana dubawa.

Ina roƙon a yi kafin Rajab. In wata ya kama ba a yi komai ba, kullen zai sake faɗawa, ku ɗebi ɗayanku, mu kuma a ƙara mana wata shida. Ban san ko idon dama yana da wata shida ba. Akwai farin yadi da Inna ta saya tun ranar da aka biya ta kuɗin gona, ta ce da shi za a ɗinka mata hijabin tsayuwar Arfa. Makon jiya ta sa matar Yaya Sani ta ciro shi daga akwati, ta shafa shi, ta ce kada a kai wa tela, a bar shi yadda yake, zai yi wani amfanin.

Allah Ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, Ya tsare ka daga haƙƙin wanda ba ka taɓa gani ba. In mahaifiyarka tana raye, Allah Ya kawo ta garin nan da guzuri mai tsarki, tana gani da idonta biyu. In ta zo, ka sa a nemi masu turin keke 'yan gida. A cikinsu akwai wanda ke da alkawarin turi ɗaya kyauta, har yau bai samu wadda zai cika wa ba.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
'Yar Inna,
Ka'akiyya, Makka.