Yatsu Biyu ta Kowane Gefe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Shawara nake nema, tunda ke kika koya mini saƙa. Kin tuna rigar sanyin nan ruwan toka mai maɓalli da na saƙa wa mijina Kafinta bara? Wadda kika ce na yi mata aljihu kamar jakar cefane? To, ta yi masa yawa. Da farko na ɗauka ulun ne ya saki wajen wanki, har na zagi mai shago a raina. Da na sa tef na auna, sai na ga riga tana nan yadda na saƙa ta. Mai rigar ne ya ragu.

Kin san halinsa. Ki ce ya rame, sai ya yi kwana biyu yana hura hanci, shi a dole ƙarfe ne. Don haka ranar da ya manta ta a jikin ƙusa ya tafi shago, na farke ɗinkin gefe, na cusa faɗin yatsu biyu na rigar ciki ta kowane gefe, na mayar da ɗinki, na matsar da maɓallai. Ban yanke komai ba. Ya dawo ya sa, ta zauna masa ɗas, ya ci gaba da harkarsa.

Kafaɗar ce ta gagare ni, tana zubo masa. Yaya kike rage kafaɗa ba a gane ba?

Ƙanwarki,
Ƙarama

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, kuma faɗan da kika yi mini na ji shi. Kin ce in bar kafaɗa in kai mutum asibiti. Da ma na bi maganarki tun lokacin.

Sau uku ke nan ina rage rigar. Abinci sai ya tsakura ya ture kwano. Katakon da yake ɗauka da hannu ɗaya, yanzu sai ya jingina shi ya tsaya yana haki. Da ƙyar da roƙo ya yarda muka je wurin likita ranar Talata.

Yaya, abin da na jawo ke nan. Likita ta tambaye shi ko ya lura yana ramewa. Sai ya bugi ƙirji, ya ja gaban rigar ya nuna mata, wai shekara guda yana sa ta, ko yatsa ba ta ƙara masa ba. Ta dube shi, ta dubi rigar, ta ja layi a kan wani abu da ta fara rubutawa. Ta ce wataƙila gajiya ce, ta rubuta masa ƙwayoyi. Ina zaune a kujerar gefe, jaka a cinya. In na yi magana na ƙaryata shi a gaban baƙuwa, na kuma tona kaina. Na yi shiru, wallahi na yi shiru.

Da hannuna na ɗinke abin da ya kamata likita ta gani. Ina jin tsoro, Yaya. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Ƙarama

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya.

Jiya da safe na gaya masa komai, yana ɗaure takalmi. Na shirya wa faɗa, amma ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce ya sani tun ragin farko. Wai mutumin da ya shekara talatin yana shafa katako ba zai kasa jin ɗinki ya yi kauri a hammatarsa ba. Ya ga ina ɓoyewa, shi ma ya taya ni ɓoyewa, don kada hankalina ya tashi. Kin ji sakarkaru biyu a gida ɗaya!

Ashe ya koma asibitin shi kaɗai makon jiya, ya faɗi gaskiya. Sun ɗebi jini, sun ɗauki hoton ciki. Shekaranjiya suka kira shi. Na tambaye shi abin da suka ce, ya ce ranar Litinin za mu je tare in ji da kunnena, kuma sun ce in zo da wani babba daga dangina.

Sannan ya cire rigar, ya ninke ta, ya ɗora mini a cinya. Ya ce in farke duk abin da na cusa, in mayar da ita yadda take, in ƙara wa hannun tsawo kaɗan, don ƙaninsa zai bar wa ita, shi kuwa ya fi shi tsawon hannu.

Ban taɓa ta ba, kuma ba zan taɓa ba. Ki taho kafin Litinin, Yaya, ko da ƙafar tana ciwo.

Ƙanwarki,
Ƙarama