Jinin Da Ya Gagari Sauro

Zuwa ga Hamdiya, farin watana, ruwan randata a tsakiyar bazara, tsamiyar da nake hutawa a inuwarta,

Kin daina ɗaga wayata tun da maganar Baffa Ɗangiwa, ɗan'uwan mahaifina, ta iso Kebbe, shi ya sa na koma ga alƙalami. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Da ya ji gwaji ya nuna jininki AS ne, sai ya karkaɗe riga ya ce, "Ni ban zuwa Kebbe neman aure in ɗauko muna ciwo." Mutumin da bai san bambancin AS da sikila ba, shi ne yau alƙalin jini!

Kin tuna yammacin da muka zauna a ƙofar gidanku, damina ta cika fadama, sauro ya yi mini taron dangi, kina dariya kina cewa sauron Kebbe ya san baƙo? Tauraruwata, amsar Baffa tana bakin wannan sauron. Duk ƙasar da zazzaɓinsa ya daɗe yana kashe yara, can wannan jini ya yawaita, domin yaron da ya gaje shi daga gefe ɗaya ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, ya girma, ya haifa. Garkuwa kakanninki suka bar miki. Ciwon kuwa sai ɗa ya gada daga uwa da uba duka, ni kuma AA ne. To ta ina zai shigo ɗakinmu? Ta taga?

Ko sauro yana tsayawa a iyakar garinmu Tambuwal ya yi sallama? Ƙanwata Najiba, uwa ɗaya uba ɗaya, AS ce, Innarmu kuwa AA. Ashe daga gidan su Baffa ya fito. Ban faɗa masa ba tukuna. Na bar shi ya gama wanke zuriya a majalisa.

Amma shirunki, Hamdiya, shi ne zazzaɓin da ba ni da garkuwarsa. Yaya za ki sunkuyar da kai, ke dabinon da ya fi ƙarfin mai jifa, saboda maganar wanda bai taɓa miƙa hannu an gwada nasa ba? Ƙanensa, Baffa Sirajo, ya yarda zai shige mana gaba. Ranar Asabar muna tafe da goro. Ki roƙi Baba ya sa a shimfiɗa tabarma. Sauron ma a sanar da shi, na yafe masa jinina, in dai za ki fito ki yi mini dariya.

Naki, jini da tsoka, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Mutawakkil