Hotona Ya Riga Ni Zuwa

Zuwa ga Madam Darakta,
Shugabar shirin kawo ɗalibai daga ƙasashen waje don karatu da aikin taimakon al'umma,
Yaoundé.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da dukan ma'aikatan ofishinki.

Sunana Zulaihatu, 'yar Malam Sani tela, mai shago a layin masu ɗinki a nan unguwar Briqueterie. Kin san ni. Ni ce tafintar da take bin ɗalibanki lungu-lungu shekara huɗu ke nan, ina juya musu maganar mutanen unguwa daga Hausa da Fulatanci zuwa Faransanci ko Turanci, in kuma juyo tasu. Na san ba kya jin Hausa, amma da ita na rubuta, domin takardun da na kai ofishinki da Faransanci ba a amsa ba, kuma ina so mutanen unguwarmu su karanta wannan, tunda a gabansu aka yi maganar da zan tuna miki. Ba za ki rasa mai juya miki ba. Ni ma a ƙofar shago kuka same ni.

Lokacin da kuka zo neman tafinta na gama digirin farko a ilimin halittu, ina zaune ina taya Baba kalmasa da sa maɓalli. Na karɓi aikin ne saboda na ji an ce kiwon lafiyar al'umma. Ina da ƙanwa, Nafisa. A wata damina ruwa ya cika kwata, ya malalo tsakar gida, ya shiga rijiyarmu. Muka jira ya kwanta muka ci gaba da sha kamar yadda muka saba. Nafisa ta tashi da amai da gudawa, washegari muka dawo daga asibiti ba tare da ita ba. Tun daga nan ba na iya wuce rijiya ban leƙa ba. Ina so in san abin da ke cikin ruwa, da hanyar da yake bi ya shiga, da yadda ake tare shi kafin ya kai bakin yaro.

A shekarar farko kuka sauke mana wata ɗaliba a gida, Hannah, wadda Kakata ta mayar Hannatu tun ranar da ta zo. Da safe tana wurin darasi a ofishinku, da rana muna yawo tare, muna duba gidajen sauro da bakin rijiyoyi. Da yamma mukan zauna a kan dakali, hayaƙin masu gasa soya, wato tsire, yana tasowa daga bakin titi, kekunan ɗinki suna ta kuka a bayanmu, tana ba ni labarin jami'arsu. Ta ce akwai kogi a tsakiyar garin, da gada ta dutse, kuma ɗakin karatunsu yana kallon ruwan. Ta ce akwai wani ɗaki a hawa na uku inda ake ɗiga ruwa a kan gilashi a sa a madubin likita, sai ka ga ɗigo ɗaya ya zama gari guda, da masu kai da kawowa a ciki. Ta ce da sanyi agwagi kan tsaya a kan ƙanƙara suna mamaki.

Madam, na zauna a garin nan ban taɓa zuwa ba. Idan hazo ya sauko kan tuddan Yaoundé da asuba ya rufe rufin kwanon unguwar Madagascar, sai in tsaya da buta a hannu in ce kogin ne yake tururi. Na zaɓi teburina a ɗakin karatun, na kusa da taga. Na san inda zan juya in fuskanci alƙibla a ɗakin kwanana. A cikin taksi, an matse mu kamar kifi a gwangwani a cunkoson kasuwar Mokolo, nakan lumshe ido in ƙetare gadar da littattafai a ƙirji. Amma mafarkin bai taɓa ƙarewa a can ba. Kullum a ƙarshensa ina saukowa daga jirgi, in dawo unguwa da wani ƙaramin akwati na gwajin ruwa, in fara da rijiyar gidanmu.

Ban ƙirƙiro wa kaina wannan fata ba, ke kika ba ni. Ga abubuwan da nake kuka a kansu.

Na farko, alkawari. A ƙarshen shekara ta biyu, a walimar sallama da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, kika miƙe a gaban dattawa da mata kika ce ba daidai ba ne hanya ta zama ta masu zuwa kawai. Kika ce jami'ar su Hannah ta amince za ta ɗauki ɗa ko 'ya ɗaya daga Briqueterie, a yi shekara guda ana karatun kiwon lafiyar al'umma, a dawo a yi wa unguwa aiki. Da Faransanci kika faɗa. Ni na juya shi zuwa Hausa, mata suka yi guɗa. Ki lura da wannan, ranki ya daɗe: mutanen nan ba daga bakinki suka ji alkawarin ba, daga bakina suka ji. Shi ya sa har yau ni suke tsayarwa a hanya.

Bayan an yi mana jarrabawa mu da yawa, kika kira ni ofis kika ce ni aka zaɓa. Kika ba ni labarin yadda ke ma kika tafi karatu da akwati ɗaya da takalmin da bai dace da sanyi ba, muka yi dariya. Na yi fasfo. Na ci jarrabawar Turanci. Na kai duk takardun da aka nema. Baba, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji, ya tafi wurin 'yan gwanjo a Mokolo ya yini yana juya rigunan sanyi, yana duba yadda aka haɗa su. Ya ce 'yar tela ba za ta sauka a ƙasar mutane da rigar wani ba. Ya dawo ya yanka sabon bargo don ya yi shafin cikin riga da shi, ya ɗinka mini doguwar riga mai ruwan toka, ya yi mata siririn aiki a wuya da zare mai ruwan zuma. Da na gwada ta a shago, a cikin zafin rana, zufa tana keto mini, sauran teloli suka tsayar da kekunansu suna tafi.

Daga nan sai shiru. Aka ce in jira bayan azumi. Aka ce ana jiran sa hannu daga can. Na yi ta zuwa ofis har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. A ƙarshe saƙo ya shigo wayata daga sakatarenki, layi biyu. Layin farko ya ce an dakatar da gurbin har sai abin da hali ya yi. Na biyu ya ce sababbin ɗalibai suna tafe, ko ina da sarari in yi musu tafinta. Ba dalili, ba kira, ba wanda ya tako unguwa ya yi wa dattawa bayani.

Na biyu, hoto. Hannah ba ta san abin da ya faru ba. Kwanan baya ta aiko mini da hoto cike da murna. A bangon zauren jami'arsu, kusa da matakalar da take hawa zuwa wancan ɗaki na hawa na uku, an kafa babban allo na tallan shirinku. Ni ce a jiki. Ina durƙushe a bakin wata rijiya da mayafina shuɗi, ina nuna wa wata ɗaliba tsagar da ke jikin siminti. An rubuta sunan ɗalibar da fannin karatunta. A ƙarƙashina an rubuta: wata mazauniyar unguwa.

Na daɗe ina kallonsa. Ta gefen allon ana hango taga, ta tagar ana hango ruwa. Kogin ne. Ashe ya fi yadda na zata faɗi. Ashe na isa garin, ba biza, ba jirgi, ina tsaye a zaure dare da rana ina kallon masu wucewa zuwa ajin da aka ce nawa ne. Na nuna wa Kaka, ta kai wayar kusa da ido ta ce, "To ai ga ki can, me ya rage?" Na karɓi wayar na kife ta. Ba wanda ya nemi izinina kafin a kafa shi, haka ma matan da aka ɗauka suna shayarwa ko suna wanki aka sa a littattafan tallanku.

Na uku, aikin da kansa. Ba zan ce ɗalibanki ba su yi komai ba. Yara ne masu kirki, suna cin tuwonmu da hannu, suna kuka ranar tafiya, kuma akwai gidajen da aka ɗaga bakin rijiyarsu saboda su. Amma kowace shekara daga farko ake farawa. Sababbi su zo da tambayoyin da na bara suka yi: ina kuke ɗebo ruwa, yara nawa suka yi zazzaɓi, me kuke yi da kuɗin adashi. Wani ɗalibi mai karatun tattalin arziki ya koya wa mata haɗa sabulun ruwa, suka kafa ƙungiya ƙarƙashin Goggo Dudu, wata Bafulatana da ta zo daga Garoua tun tana amarya. Sabulun ya karɓu har a unguwar Messa. Da ya tafi, sai wani haɗi ya lalace, ya riƙa cin hannu, ba wanda ya san abin da aka yi ba daidai ba, ba kuma wanda za a tambaya. Yanzu robobin suna kife a bayan ɗakinta. Bara da na kai mata sababbin ɗalibai, ta dube ni ta ce da Hausarta ta Fulani, "Zulai, mu makaranta ne? Su zo su koya a kanmu su tafi?" Wannan ita ce magana ɗaya da ban juya wa kowa ba a duk shekarun nan. Yau na isar miki da ita.

Abin da unguwar nan take buƙata shi ne mai ilimin da ba ya da tikitin komawa. Wanda za a buga wa ƙofa idan ruwa ya shiga rijiya, ko sabulu ya ɓaci, a watannin da ɗalibanki suke can suna rubuta abin da suka gani.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi. Ki zo ƙofar gidan mai unguwa, inda kika yi alkawarin, ki faɗa wa mutane abin da ya same shi. Idan kuɗi ne suka yanke, ko jami'ar ce ta janye, ki faɗa, mu mutane ne masu jin bayani. Ina roƙo a mayar da gurbin, a rubuta shi cikin yarjejeniyarku da jami'ar, ya zama sharaɗin kawo ɗalibai unguwar nan. Idan an ga lokacina ya wuce, a ba wata. Akwai 'yan mata a bayana da suka fi ni kai, zai yi mini ciwo amma zan raka ta filin jirgi. Ina roƙo kuma a sa sunana a ƙarƙashin hotona ko a sauke shi, a kuma tambayi kowace mace kafin a kai fuskarta inda ƙafarta ba za ta je ba.

Game da layi na biyu na saƙon sakatarenki: na so in ce a'a. Baba ya hana. Ya ce baƙon da ke hanya bai yi mana laifin komai ba, kuma gidansa bai taɓa rufe wa ɗalibi ƙofa ba. Don haka zan yi tafintar bana. An share ɗakin baƙi, an ɗaura sabon gidan sauro.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya sa ki gama aikinki lafiya, ya ba ki ikon cika abin da kika ɗauka. Allah ya kawo yaran mutane lafiya, ya mayar da su ga iyayensu lafiya.

Abu ɗaya nake so kafin jirginsu ya sauka. Wadda za ku aiko mana za ta zauna a tabarmarmu, Kaka za ta sauya mata suna, za ta ƙone harshe da yajin soya. Kafin mako ya zagayo za ta dube ni da zuciya ɗaya, kamar yadda kowaccensu take yi, ta ce, "Ke yaushe za ki zo wurinmu?" Ki ba ni amsar da zan ba ta.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Zulaihatu Malam Sani,
Briqueterie, Yaoundé.