Bashir Ya Mai da Ɗakin Baƙi Sito

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka tuna tsohon gidan bayan titin Fordham Road, wanda aka ce masaukin masu keken doki ne a zamanin da? Daga hannun Turawa ya dawo hannun Alhaji Mamman, kuma Alhaji bai taɓa korar matafiyi ba. A ɗakin baƙinsa muka sauka ni da kai, sai da muka ci tuwo aka tambayi sunanmu.

To, ɗansa Bashir ya gaji gidan. Jiya wani dattijo ya iso daga Damagaram da jakarsa, Bashir ya tare ƙofa ya ce, "Baba, ɗakin ya zama sito, ka nemi otal." Ko ruwa bai ba shi ba.

Ni na sauki dattijon, yana falona yanzu. Ka gai da Inna, ku sa mu a addu'a. Ka kuma gaya wa masu tahowa su daina neman gidan Alhaji, bango kawai ya rage.

Ƙaninka,
Habu