Fasfon Nasiru

Laraba, bayan isha'i

Kaina kamar zai tsage. Tun sa rana muke ɓoye wa Nasiru shirin nan: mu abokan ango za mu kai shi Dubai kafin ɗaurin aure, ya taka filin tseren motocin da ya cika mana kunne da shi. Mutumin da ko ƙarar inji ya ji sai ya faɗi sunan motar! Fasfonsa kawai ya rage a nema masa biza, yana kuwa cikin akwatin mahaifiyarsa.

Shekaranjiya na durƙusa na ce, "Hajiya, fasfon Nasiru za a ba ni, amma don Allah kada kowa ya ji." Ta miƙo min. Ni da wautata ban yi mata bayani ba, wai kada magana ta fita. A cikin birnin Zariya!

Ashe ta zaci shi ya aiko ni, yana shirin barin ƙasa a ɓoye. Ta kasa barci, ta gaya wa ƙanwarta, wadda katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan su amarya. Yau kawun amarya ya tare ni a ƙofar masallaci: "Malam Sani, an ce abokinka zai tsallake ya bar mana yarinya. In ya fasa auren, ya zo gobe ya faɗa da bakinsa." Na yi rantsuwa har na gaji, ko kallona bai yi ba.

Ɗazu Nasiru ya kira yana dariya, wai in zo in ji ƙarar sabuwar salansar motarsa. Bai san komai ba.

Da asuba zan mayar masa da fasfonsa, in faɗa masa duka. Gara bazata ta lalace da aure ya lalace.