Muryar Inna a Kwamfutar Falo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira, bakina ne ya yi nauyi.

Kwamfutar falo ta kamu da bairos. Duk abin da ke cikinta ya ƙi buɗuwa, har da muryar Inna, hirarrakin nan sha tara da kika ɗauka kafin rasuwarta. Mai gyara ya kwana biyu a kanta, ƙarshe ya girgiza kai. Da alama antibairos ɗin da kika sa mana barci kawai yake yi. Ki aiko da filashin da kika ce kin kwafe muryar a ciki.

Ki gaida kowa.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarka ta hana ni cin abinci.

Antibairos ɗin nan da adireshina na imel na yi masa rajista, duk motsinsa yana turo min saƙo. Na duba. Ba barci yake yi ba, korar sa aka yi. An cire shi ranar Talata, mako uku da suka wuce. Kai da matarka Anti kaɗai ke gidan, ita kuwa ko kunna kwamfutar ba ta yi, sai dai ta goge ta da tsumma. To wa ya cire shi?

A gaida Anti.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, ni ne. Na rubuta takardar nan sau uku ina yagawa.

Ina karanta labarin ƙwallo, sai wani jan allo ya faɗo yana ƙara, wai ya gano bairos arba'in da bakwai a kwamfutata. Sai na ce, to ga mai aiki! Naki wata takwas yana zaune a lungun allo, bai taɓa nuna min ya kama ko ɗaya ba, wannan kuwa a minti guda ya kama arba'in da bakwai. Na yi shekara talatin ina duba ma'aikata, na saba wanda ya fi kawo rahoto shi ne mai himma. Na danna. Naki ya yi gargaɗi har sau uku, na ce hassada ce. Sabon ya ce in cire tsohon, na cire da hannuna, har ina yi wa matata bayani kamar wani masani.

Mai gyara ya ce jan allon shi ne ɓarawon, naki kuma shirunsa shi ne aikinsa. Da ya faɗa, da ƙasa ta tsage da na shige. Sannan na ɗora miki laifi, da furfurata. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Ki yafe min.

Kullum da safe nakan kunna Inna ina shan shayi. Yanzu falon shiru. Na lura ba ki ce komai kan filashin ba.

Yayanki

*

Yaya,

Na yafe. Kai ma ka yafe min. Filashin yana cikin jakata, ko ledarsa ban ɓare ba. Kullum ina cewa gobe zan kwafe, kai kuma na ce maka na riga na yi.

Na bincike wayata kaf, muryar Inna guda ɗaya ta rage, daƙiƙa ashirin. Gwaji nake yi a lokacin. Inna tana tari, sai ta yi cigiyarka da sunan da take kiranka, ta ce, "Dogo ya dawo? A ajiye masa nasa, kada ya huce."

Na kwafe ta wuri uku. Ranar Asabar zan zo, mu ji tare.

Auta