Baburin Baba Ya Fi Son Tela

Malam, don Allah ka taimake ni kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a unguwa.

Baba yana da tsohon babur da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai ya ce ya ba ni, amma da sharaɗi: in tayar da shi da ƙafata a gabansa kafin ƙarshen wata. In na kasa, mijin Yaya zai ɗauka. Tela ne fa, Malam! Mutumin da bai san bambancin fulogi da maɓallin riga ba.

Ni kuwa ba jahili ba ne. Ban yi nisa a makaranta ba, amma da littafin baburin nan na goge karatuna, duk da ɓera ya cinye bangonsa. Na sa sabon fulogi. Na kwance kafireta na wanke. Na kankare tsatsar kwantak ɗin da ke ba da wuta. Na ɗora fulogi a jikin inji na gwada, tartsatsi shuɗi tas. Mai yana sauka. To me ya rage?

Kullum da safe ina jan cok mai ƙara wa inji fetur, in murɗe totur har ƙarshe, in hau kik in yi ta jibga, ashirin, talatin. Tari ɗaya zai yi kamar yana mini ba'a, sai warin fetur ya cika tsakar gida. Jiya kik ya dawo ya zabge ni a ƙwauri, na furta kalmar da Inna ta ce ba a gidanta na koya ba. Na zaro fulogi, baƙi wuluk, jiƙe sharkaf. Na mayar, na bar musu gidan.

Da la'asar sai ga tela ya zo gaida surukai. Ya durƙusa, ya gaisa, ya je ya lallaɓa kik kamar mai tsoron tada jariri, ya danna sau ɗaya. Babur ya kama ruri! Sannan ya juyo yana tambayata ko ƙafa ta yi sauƙi. Karo na huɗu ke nan yana tayar da shi. Baba yana kan kujerarsa yana murmushi, ni kuwa ban tambaye shi komai ba, don kar a ce littafi ya gaza.

Ni mai karatu ne, ban yarda da asiri ba, amma abin ya fara ba ni shakka. Saura kwana tara. Wallahi har na fara tunanin zare wata waya in ɓoye, kowa ya rasa.

Naka, Mai Ƙwauri a Kumbure.

Ɗana Mai Ƙwauri,

Ka bar wayar nan inda take. Babu asiri a lamarin, kuma babu abin da ya lalace. Aikin hannunka ya yi kyau, na yaba. Shaƙe baburin kake yi. Cok a ja, totur a murɗe, duka talatin: ka ɗura masa fetur har ya kashe wutar fulogi. Warin da fulogin da ka gani a jiƙe su ne shaidunka.

Tela kuwa yana zuwa bayan fetur ya bushe, ya girbi abin da ka shuka. Ga shi ƙafarsa ta shekara tana taka keken ɗinki, ta san lallashi. Ban wanke shi duka ba: tambayar lafiyar ƙafa tsokana ce, ni ma na ji ta daga nan. Amma mijin yaya abokin wasa ne, in bai tsokane ka ba wa zai tsokana?

Gobe ka buɗe mai, ka ja cok, ka ɗauke hannu daga totur. Taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri, ka bari ya dawo sama, sannan ka danna sau ɗaya mai tsawo har ƙasa. Rabin bugu ne ke ramawa a ƙwauri. In ya ƙi sau uku, mayar da cok, shanya fulogi, je ka sha ruwa. In ya ci gaba da ramawa, kai wa bakanike ya duba saitin kwantak.

Amma kafin duk wannan, ja tabarma ka zauna gaban Baba, ka ce ya koya maka. Kowane tsohon babur da halinsa, kuma wannan ba a buga shi a littafi. Ina zargin mutumin da ya ce a gabansa za a tayar ba ƙarar inji yake jira ba, tambayarka yake jira. Kwana tara sun isa, in ka fara yau.

Allah ya ba ka sa'a, ya sauƙaƙa ƙwauri.